Babban Yatsan Inna

Konni, Alhamis 14 ga Yuni 2007, ƙarfe goma da minti ashirin na safe.

Baba, assalamu alaikum.

Ina rubuta wannan a kan benci, a bakin ɗakin da aka kwantar da Inna a asibiti. Yau kwananka hamsin da biyu a ƙasa. Na san ba za ka karanta ba, shi ya sa zan faɗi komai.

An yi sadakar arba'in. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka a Bazaga. Ƙanenka Kawu Idi ya gaji tiren maganinka, yana kai shi kasuwar Badagishiri, yana sayar da kafso ja da rawaya bibbiyu kamar yadda kake yi. Inna kuwa za a yanke mata babban yatsan hannun dama kafin azahar. Takardar yarda tana kan cinyata, ni zan sa hannu.

Ka tuna yadda abin ya fara? Ƙarfen amalanke ya yanke ka a ƙwauri. Ka fasa kafso ka zuba garin a ciwon, ka haɗiye biyu. Zafi ya lafa, ka daina. Ya dawo, ka sauya kala. Wata huɗu kana haka. Na zo daga Yamai da sabon difilom na aikin labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, na ce maka antibiyotik ɗin da ba a sha ya cika ba, ƙwayoyin cuta masu rauni kawai yake kashewa, masu taurin kai su yi ta haihuwa. Ka yi dariya a gaban abokanka. Ka ce shekara ashirin kana warkar da mutane, ba likitar kashi da fitsari ce za ta koya maka magani ba.

Da likita ya ce a yanke ƙafar ka ƙi, ka ce da ƙafafunka biyu za a rufe ka. An rufe ka da su, Baba. Ka samu abin da ka so. Inna ce ta riƙa wanke tsummokan ciwonka da hannu, safe da yamma, da yankan wuƙar albasa a yatsanta. Ka taɓa duban hannun nan sau ɗaya?

Ga abin da ban faɗa maka ba. Kana barcin rana na ɗebi ruwan ciwonka da auduga ba tare da izininka ba, na kai labon da nake sitaj, wato koyon aiki, a Yamai. Na shuka shi a faranti, na gwada magani takwas. Babu wanda ya taɓa ƙwayar cutar da ta tsiro. Daga baya na gwada na Inna, sakamakon iri ɗaya. Ba ni da kayan da zan tabbatar cewa ƙwaya guda ce, don haka ba zan rantse ba. Amma na san tsummokan wa ta wanke.

A shekarata ta ƙarshe an koya mana wasu birus da ake kira bakteriyofaj. Ba sa kama mutum. Cikin ƙwayar cuta suke shiga, su hayayyafa, su fasa ta. An gano su tun kafin fenisilin, kuma a ƙasashen Jojiya da Folan har yanzu ana jinya da su. Inda ƙazanta take nan ake samunsu. Na ɗebi ruwan kwatar bayan tasha, na tace shi da matatar da ƙwayar cuta ba ta iya ratsawa, na ɗiga a kan farantinka. Washegari na ga wurare uku sun yi fes, kamar inda gara ta ci tabarma. Na maimaita sau biyu, haka dai. Lokacin kana da kwana tara a kabari.

Kuma ka sani, ranar da aka bugo mini waya cewa ka cika, abin da ya fara zuwa raina shi ne ko an ɗauke wutar firijin da samfurinka yake. Kukan daga baya ya zo. Da liman ya ce a yafe maka, bakina ya ce na yafe. Bakina kawai.

Kwalbar ruwan da na tace tana can Yamai. Ba a tsarkake ta ba. Guntayen ƙwayoyin da suka fashe suna ciki, idan suka shiga jini suna iya jawo zazzaɓin da zai kashe mutum. Shugaban labo ya ce mini, Rabi, uwarki ba faranti ba ce. Jiya na yi wa Inna bayani, ta ce in dai daga hannuna ne in ɗiga mata ko ruwan kwata ne, a bar ta da yatsan damun furarta. Na ce a'a. Ta juya fuska bango, ta ce mahaifinki ko ba komai yana ba mutum wani abu ya haɗiya. Ka ji? Har yanzu kai ne likitan gidan nan. Likitan gaske kuma ya ce idan aka ƙara kwana uku, hannun ne gaba ɗaya zai tafi.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo sau biyu. Zan sa hannu yanzu. Ga abin da ban sani ba:

Ko abin da ya ci ƙwayar a faranti zai ci ta a cikin nama.

Ko da na ɗebi ruwan nan wata guda kafin haka, da ka yarda an ɗiga maka.

Mutum nawa ne daga Konni zuwa Malbaza ke yawo da irin wannan ƙwaya saboda kafso biyun da ka miƙa musu.

Ko yankan zai tsaya a yatsa.

Ko Inna za ta sake karɓar abinci daga hannuna.

Allah ya ji ƙanka, Baba. Shi yana iyawa.

Ɗiyarka,
Rabi