Kunnen Tsuntsuwa

Litinin, 3 ga Maris
Kunnen 'yata Tsuntsuwa ya sake tashi, na hagu. Karo na huɗu ke nan tun da aka yaye ta. Sai ja take tana goga shi a kafaɗar uwarta.

Laraba, 5 ga Maris
Inna ta zo da man tafarnuwa a 'yar kwalba. Telan kusa da shagona ya ce ruwan albasa, Gwaggo ta ce nonon mai jego. Kowa likita, ni kaɗai ne jahili. Na ce Inna, ni ko rediyo aka kawo min gyara ba na zuba mata komai sai na buɗe na gani. Ta ce, "To jikar tawa rediyo ce?" Aka ɗiga mata man.

Asabar, 8 ga Maris
Na kasa zaman shago. Da, ina murɗa muryar rediyon ɗaki zuwa lamba uku take fara rawa. Yau sai da na kai bakwai ta waigo. Ban gaya wa uwarta ba. Na zauna bakin gado na sha taba biyu a jere.

Lahadi, 9 ga Maris
Rediyo, har yanzu lamba bakwai.

Talata, 11 ga Maris
Kunnen ya zubo ruwa a matashi. Na saɓa ta sai asibiti. Likitar ta haska, ta ce dodon kunne ya ɗan huje, kada a ƙara ɗiga komai sai abin da ta rubuta. Can ta shinshina hular yarinyar. "Malam, wa ke shan taba a ɗakinku?" Na ce maƙwabci. Ta kalli leɓena. Wai a gaya wa maƙwabcin hayaƙinsa na cikin abin da ke dawo da ciwon.

Alhamis, 13 ga Maris
Mashaya nawa ne a layinmu, 'ya'yansu garau. Sai ni?
Man Inna na shafa wa ƙofar shago, ta daina ƙara. Da Inna ta tambaya na ce yana aiki.

Juma'a, 28 ga Maris
Kwana goma sha ɗaya ban sayi taba ba. Ba wai na daina ba ne, hanyar mai tireda ce kawai ta yi min nisa. Tsinken ashana nake taunawa, tela na ce min ɗan akuya. Uwar Tsuntsuwa ta wanke labule da zanin gado.
Ɗazu na tsaya bayan Tsuntsuwa na murɗa rediyon a hankali. A huɗu ta fara rawa.