Ba Hazo Ne Ya Mayar da Mu Ba

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara duka. Ya ciwon bayan nan? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, uwar yara tana ta fama da keken ɗinkinta, ƙaramarmu ta shiga aji uku, sai surutu kamar rediyo. Ni ne dai a gajiye, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Na ga saƙonki cewa autanki ya iso gida lafiya, yana ta ba ku labarin yadda hazo ya hana mu kaiwa ƙololuwar dutse. Yaya, ba hazo ba ne. Ƙarya na yi masa don in tsira da aikina, kuma tun ranar abin yake cina.

Shekara ashirin da shida ina yi wa mutane jagora a dutsen nan, amma ke da ko tsani ba kya hawa, bari in gaya miki yadda yake. Hawan kwana uku ne. Ranar farko a kurmi ake yin ta, ga zafi ga laka har ƙauri. Rana ta biyu bishiyoyi su ƙare, sai ciyawa da iska mai yanka kunne. Ta uku kuwa ko tsiro babu, baƙar tsakuwa ce mai zamewa, ruwan gora ya daskare, mutum ya ja numfashi ya ji bai ƙoshi ba. Da rana ta take kuma hazo kan taso daga ƙasa ya rufe hanya, shi ya sa dokarmu ita ce in jagora ya ce a juya, to an juya, babu musu.

Kin san shekara biyu ɗanki yana tara hutunsa na aiki don wannan hawan, kuma wallahi ya yi ƙoƙari, ko sau ɗaya bai ce wash ba. Mun bar bukkar ƙarshe da masu hawa ke kwana bayan asuba. Da hantsi, saura tafiyar da ba ta fi awa guda ba, muna hangen tarin duwatsun da ke ƙololuwa, sai na ji ƙirjina ya riƙe kamar an ɗora mini buhu. Ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Na durƙusa kamar mai gyaran igiyar takalmi, abin bai sake ni ba. Sai na nuna masa wani ɗan gajimare can nesa, na ce hazo na tafe, mu juya. Ya dubi sama, tas take, ya dube ni, ya ce kawu ya fi shi sani. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi jakata ya haɗa da tasa, muka gangaro, ni kuwa ina ta waiwaye ina roƙon Allah Ya kawo hazon ya rufa mini asiri. Har muka isa bukka bai zo ba.

Kada ki ce me ya hana ni faɗin gaskiya. A sana'armu da an ji ƙirjin jagora ya gaza, shi ke nan, ba mai ƙara ba shi mutane, ni kuwa ban iya komai ba sai wannan. Na yi gum da bakina har shugabanmu na jagorori ya ba ni mutum shida na mako mai zuwa. A nan jikina ya yi sanyi. Autanki shi kaɗai ne, ga ƙarfi, shi ya sauko da ni. In ɗaya cikin shidan nan ya faɗi a kan tsakuwa, wa zai ɗauke shi? Na je wurin likita, ya gwada ni, ya ce zuciyar ta gaji, kada in ƙara wuce kurmi. Jiya na gaya wa shugabanmu. Ya ce akwai kujera a bakin ƙofar shiga dutsen, wurin rubuta sunayen masu hawa da masu saukowa. Na karɓa, Yaya, me zan ce?

Na ɗauki waya in kira ɗanki ya fi sau biyar, kunya ta hana ni. Ki karanta masa wannan takardar, ki ce kawunsa yana neman gafara. Ya dawo kafin damina ta sauka, na yi magana da wani jagora da ni na koya masa aiki, zai kai shi har sama. In ya sauko zai same ni a kujerata, ni zan rubuta sunansa cikin waɗanda suka kai.

Ki gaida maigida, da Inna, da babbar 'yarki da mai jegon gidanku. Uwar yara tana gaishe ki ƙwarai. Ki sa ni a addu'a, na gaji.

Ƙaninki,
mai tsaron ƙofar dutse