Mama, Har Yanzu Ba Su Gyara Wajen Nan Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Sikiratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, na zo miki da labarin da ba zai miki daɗi ba. An sake buga gangar gyaran kundin tsarin mulki, Mama. Rediyo sai cewa take jama'a su fito su ba da ra'ayi, kamar dai ba a taɓa fitowa ba.

Ke kin fito ai. Ban manta safiyar da kika ɗaura atamfarki ta zuwa biki, kika tsaya a madubi kina maimaita abin da za ki faɗa wa 'yan majalisa ba. Baba yana ta yi miki tsiya, wai kin zama 'yar siyasa da furfura. Ko kallonsa ba ki yi ba.

Buƙatarki guda ce: macen da ta yi aure a wata jiha, ta zauna ta hayayyafa, a lasafta ta cikin 'yan jihar. Tun kina budurwa aure ya kawo ki Bauchi daga Ilorin. Amma da muƙamin shugabar ungozomai ya zo kanki a asibiti, sai aka tuna ke ba 'yar asalin nan ba ce, aka ba wadda ke kika koya wa riƙe almakashi. Ilorin kuma suka ce ai kin zama ta mutanen mijinki.

Ranar taron jin ra'ayin jama'ar kuwa, manya suka cinye lokaci da gaishe-gaishen juna. Kina fara magana aka ce ki taƙaita. Har yau ina jin muryarki da wannan Hausar taki mai ɗan karkacewa: "Rabin yaran unguwar Fadaman Mada a hannuna suka faɗo, to ni baƙuwar wa ce?" Aka tafa miki. Tafin kawai kika samu.

Da aka zo ƙuri'a a majalisa, Mama, sun samu lokacin sauya wa gidan yari suna, sun gyara sunayen wasu ƙananan hukumomi. Da aka zo kan na mata, sai hannuwa suka yi nauyi. Kika kashe rediyon, kika ce a kawo miki buta.

Yanzu abin ya zagayo kaina. Na nemi aikin koyarwa a nan garin da aka binne cibiyata, wani mai tumbi ya duba sunan mijina ya ce in tafi Adamawa. Na je Yola, suka ce in koma jihar ubana. Ga ni a ƙauyen Gubi, nan kusa da Bauchi, ina koyar da 'ya'yan mutane a falo, jikarki Sikira kuma tana tambayata ita 'yar ina ce. Na gaji, Mama, kuma haushi nake ji.

Duk da haka zan je taron. Na ciro atamfar nan daga akwatinki, na wanke na goge. Ko za su ce in taƙaita, sai na maimaita musu tambayarki.

Abu ɗaya ke sanyaya min zuciya: ranar da aka kai ki makwanci, ƙasar Bauchi ta karɓe ki ba ta tambayi asalinki ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa ki a gidan da ba a ce wa kowa baƙo. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Bilkisu