Hatimin Don Casimiro

Buenos Aires, Litinin

Aikin farko yau: canjin kuɗi.

Yaya Herminia, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Mama da yara kuna lafiya. Na iso. Na sami Yaya Zoila a ɗakinta na haya, bayan kasuwar kayan miya. Idon nata ya fi yadda ta faɗa mana lalacewa, sai da na yi magana ta gane ni. Ta shafa kaina ta ce ashe ni Baba ya bar wa gadon sanƙo. Ta yarda za ta dawo gida, amma da keken ɗinkinta.

Yanzu ga abin da nake ta kewaye-kewaye a kai. Kin tuna ranar da muka sayi dalolin a hannun Don Casimiro, a bakin coci? Ni na matsa sai ya buga wa kowace takarda ɗan hatiminsa mai zanen tsuntsu, don in ta zama jabu mu san wanda za mu riƙe. Har na sa ya maimaita wa waɗanda ba su fito sosai ba. To a nan, dalar da ke da ko ɗigon tawada ba ta da daraja. Mai canjin farko, a wani ɗaki bayan shagon zinari, ya ɗaga ɗaya ya tambaye ni ko yarona ne ke koyon zane. Ya ce zai karɓa, amma sai ya zaftare kaso mai tsoka. Na kwashe abina na fito. Sauran masu canjin ko taɓawa ba su yi ba.

Na yi ta lissafi. In aka zaftare haka, aka biya ragowar kuɗin haya da na dakon keke, abin da ya saura ba zai sayi tikitin mutum biyu ba. Ban gaya wa Yaya Zoila ba. Ko fitowar da na yi ma kuskure ce? Kuɗin mota a ƙasar nan kullum tashi yake.

Direban bas ɗin Lima zai kawo miki wannan. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Eleuterio

Huancayo, Lahadi

Lute,

Muna lafiya, in ban da hawan jinin da wasiƙarka ta ɗora mini. Tun kana yaro kake ɗaure tunkiya da igiya biyu har ta shaƙe.

Na je na sami Don Casimiro. Ya dafe ƙirji, wai daga nan har Lima hatiminsa bai taɓa jin kunya ba. Na ce to ya ji ta a ƙasar waje. Wai a dawo masa da dalolin, zai karɓa ba ragi. Na ce sai dai ya aiki tsuntsun nasa ya ɗauko.

Ba ni da abin ƙara maka, ka san firjin shagona na sayar. Ka nemi mutanenmu masu shirin dawowa gida, su ai sun san hatimi. Keken nan kuma a bar shi, don Allah, ƙarfe ne. So nake Zoila ta ga fuskar Mama kafin idon ya rufe, kuma ku dawo tare.

Ka riƙa cin abinci. Na san halinka in kana lissafi.

Yayarka,
Herminia

Buenos Aires, Asabar

Yaya Herminia, ina gaisuwa da fatan alheri. Na bi shawararki. A gidan abincin da mutanenmu ke taruwa na haɗu da wani ɗan Jauja, garin nan na kusa da namu, mai shirin zuwa gida. Ya rungume ni, ya kira ni ɗan gida, ya saya mini miyar kaza, ya ce ai ya san Don Casimiro farin sani. Sannan ya yi tayi ƙasa da na mai zinari. Da na ƙi, ya tashi ya koma wani teburi, na ƙarasa miyar ni kaɗai. Daga nan na koma shagon zinarin. Mutumin ya gane ni, ya ce mai zane ya dawo. Na canja da zaftarewar tasa.

Na gwada zancen keke. Yaya Zoila ta ce, "Lute, shekara ashirin na yi a garin nan. In na shiga gida ba ido ba keke, me zan ce na kawo?" Ban sake tayar da maganar ba. Wataƙila da ke ce da kin iya.

Tikiti ɗaya na saya. Wasiƙar nan tana cikin jakarta. Direba ya yi alkawarin riƙe hannunta a kan iyaka. Zan buga miki tangarahu tun kafin ta iso, ki tare ta a tashar Lima ranar Laraba.

Ƙaninki,
Eleuterio

Buenos Aires, Lahadi

Yaya, gaisuwa. Ta tashi. Na ce mata takardu ne suka riƙe ni, ta ce har yanzu ban iya ƙarya ba, ta cusa mini makullin ɗaki a hannu. Doña Sabina, mai rumfar dankali a kasuwa, ta ce in zo ta ga ko bayana zai iya buhu. Kada ki gaya wa Mama haka. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Eleuterio

Na gobe:
Rumfar Doña Sabina da asuba.
Rubuta wa ofis, roƙon ƙarin hutu. Ban san dalilin da zan bayar ba.
Mayar wa maƙwabciya kujerar da aka aro mini.
Tasha, a sake tambayar kuɗin mota.
Rage awon shinkafa. Yau ma na mutum biyu na dafa.