An Soke Sunan Ma'aji

Trincomalee, Nuwamba 1944

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarka da sanyin Devonport? Ina fata kana shan maganin da ƙanwata Morwenna ke ba ka. Ka ce mata ta aiko mini da safa.

Ni lafiya lau. Zazzaɓin ya sake ni.

Gara ka ji daga bakina: an soke sunan Ma'aji a rundunar ruwa. Muƙamin da ka riƙe shekara talatin, wanda na gada, an canja masa suna. Da takardar sanarwar ta zo, kai na fara tunawa.

Ran biya wani soja mai furfura, Hocking, ya miƙo hularsa a zuba masa albashi kamar yadda aka saba, ya ce, "Yallaɓai, su kira ka abin da suka ga dama. Da ubana ya nutse, babanka ne ya tako har gida cikin ruwan sama ya kawo wa uwata haƙƙinsa."

Ba ka taɓa gaya mini ba, Baba. Hankalina ya tafi wurinka, sai da na ƙirga albashin na bayansa a layi sau uku.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Aubrey