Ƙwallayen da Mista Tews Ya Ɓoye a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Loretta Szymanski
Sashen Ɗaure Kaya
Kamfanin Cuku na Maple Hollow
Fenwick Falls, Wisconsin
9 ga Satumba, 2024

Zuwa ga
Madam Patrice Vandenberg
Shugabar Ofishin Kula da Ma'aikata
Kamfanin Cuku na Maple Hollow

Ranki ya daɗe,

Game da: Maguɗin da aka tafka a gasar fitar da ƙwallo ta ranar 17 ga Agusta, da wurin ajiye motar da aka raba Mista Otis Rademacher da shi

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto wannan takarda ne a matsayina na kyaftin kuma mai jifa a ƙungiyar sofbol, wato wasan buga ƙwallo da sanda, ta Sashen Ɗaure Kaya. Ƙorafina a kan Mista Gordon Tews ne na Sashen Talla, shugaban kwamitin wasannin ma'aikata. Wanda aka zalunta kuwa shi ne Mista Otis Rademacher, direban motar ɗaga kaya a sitonmu. Ya dace ki sani tun farko cewa Mista Rademacher bai aiko ni ba. Ya ma ce in bar maganar. Ban bar ta ba, kuma ba zan bar ta ba.

1. Kamar yadda ofishinki ya sani, duk ƙarshen bazara kamfani kan shirya ranar gasanni a filin bayan masana'anta: tseren zagaye fili, jifan saiti, sai babbar, wato gasar fitar da ƙwallo, inda kowane mai bugu ke zuwa da mai jefo masa, a ga wanda zai fi kowa tsallakar da ƙwallo bayan shinge. Wanda ya ci, nasa ne wurin ajiye mota na bakin ƙofar ma'aikata har shekara ta zagayo. Ga mai zaman ofis wannan kyauta abin raha ce. Ga Mista Rademacher ba raha ba ce. Shekararsa sittin da ɗaya, an yi masa aiki a gwiwa, kuma a hunturun bara santsin ƙanƙara ya kayar da shi a can ƙarshen filin motoci, wajen tankunan ruwan cuku, sai da mutum biyu suka kama shi ya miƙe. Hunturu ɗaya ya rage masa ya yi ritaya. Cikin gasannin ranar, wannan kaɗai ce ba ta buƙatar gudu, shi ya sa ya zuba mata dukan ƙarfinsa. Tun watan Mayu muke tsayawa bayan an tashi aiki, ina jefa masa yana bugawa, har 'yan sito suka gaji da tsinto mana ƙwallaye daga gonar masarar da ke bayan shinge.

2. Mista Tews ne ya tsara ranar, shi ya zo da kayan wasa, shi ya riƙe lasifika, sannan kuma ya sa sunansa cikin masu gasa. Muka bar shi, domin mun ɗauka dattijo ne. Shi da bakinsa ya karanto mana dokoki da safe, ya nanata cewa ƙwallo iri ɗaya kowa zai buga. Ashe mai dokar barci ne zai ɓuge da gyangyaɗi.

3. Ranar an yi zafi irin wanda kujerar ƙarfe ba ta zaunuwa. Bokitin ƙwallayen da aka ba mu an bar shi a tsakiyar rana tun safe. Ranki ya daɗe, idan ba kya wasan, ki tambayi duk wanda ya taɓa riƙe sanda a garin nan: ƙwallon da ta sha rana laushi take yi, ko ƙato ne ya buge ta ba ta nisa, wadda ta kwana cikin sanyi kuwa tauri take yi, ta tashi kamar an kore ta. Da na ɗauki ta farko na ji ta ɗumi a tafina kamar burodin da aka sauke yanzu. Ban damu ba, tunda a zatona kowa daga bokitin nan zai ɗiba. Mista Rademacher ya buga yadda ya saba. Na san ƙarar sandarsa idan ta samu ƙwallo daidai, kuma na ji wannan ƙarar sau da yawa a ranar. Amma sai ƙwallon ta tashi, ta je gab da shinge, ta faɗo a gindinsa. Kaɗan ne suka tsallaka.

4. Da Mista Rademacher ya juya zai fita, Mista Tews ya ɗaga lasifika a gaban ma'aikata da iyalansu ya ce, "A tafa wa Baba Otis, jama'a! Ya yi ƙoƙari. Badi sai mu matso masa da shingen." Aka yi dariya. Jikokin Mista Rademacher biyu na zaune a benci suna cin gasasshiyar masara. Shi ma ya yi murmushi, ya ɗaga hula, domin mutum ne da ba ya son a ga ransa ya ɓaci.

5. Lokacin da layi ya zo kan Mista Tews, an kira ni can gefen fili jifan saiti, domin haka ya tsara jadawalin. Daga can na hango mai jefo masa, Mista Brent Halvorsen, yana goge kowace ƙwallo da tawul kafin ya jefa. Na ɗauka gumin hannu ne. Mista Tews, wanda duk kakar bana bai fitar da ƙwallo ko ɗaya a wasan ƙungiyoyi ba, ranar sai ga shi yana aika su gonar masara ɗaya bayan ɗaya. Aka ce ya ci. Ranar Litinin a-kori-kurarsa ja ta wayi gari a bakin ƙofa, da sabon allo mai sunansa. Tana nan har yau, kina iya leƙawa ta taga.

6. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A ranar Laraba 28 ga Agusta, a ɗakin cin abinci, Malama Pahoua Vang ta ɗakin gwajin madara, wadda ba ta wasan kuma ba ta da ɓangare, ta ce da ni cikin raha, "Loretta, ku 'yan sofbol da abin mamaki kuke. Har ƙwallo ma sai kun sanyaya mata rai?" Na tambaye ta me take nufi. Ta ce ranar gasa ta zura hannu cikin shuɗiyar kular Sashen Talla za ta ɗauki lemo, sai ta laluɓo ƙwallaye jere a ƙasa, ƙarƙashin ƙanƙara da gwangwanayen giya. Ta ɗauka al'adarmu ce. Ta amince ta maimaita wannan a gabanki.

7. Ban yi gaggawar kawo ƙara ba. Na fara zuwa ofishin Mista Tews na tambaye shi ido da ido. Bai musa ba. Ya jingina da kujera ya ce, "Haba, Loretta, wasa ne fa. Nuna mini inda aka rubuta an hana sanyaya ƙwallo." Ranki ya daɗe, ba a rubuta ba, gaskiya ne. Haka kuma ba a rubuta cewa kada a zuba ruwa a madarar da muke saye daga manoma don a ƙara mata auki ba sai da aka samu wanda ya yi. Idan dabara ce ta halal, me ya hana shi zuba wa kowa a kula ɗaya? Me ya kawo tawul?

8. Abin da ya fi ci mini rai ba wurin motar ba ne. A yammacin ranar gasa, muna kwashe kaya, Mista Rademacher ya ce da ni, "Ba jifanki ba ne, Retta, kin jefo daidai. Hannun ne ya ƙare." Ya yarda da hakan har zuciyarsa. Kwana goma sha ɗaya yana yawo da wannan tunani, yana gaya wa 'yan sito cewa tsufa ya riske shi a bainar jama'a, har ya miƙa sandarsa ga wani sabon ma'aikaci ya ce ta fi amfani a hannunsa. Mista Tews bai tsaya ga sace wurin mota ba, sai da ya sa mutumin kirki ya ƙaryata ƙarfin da Allah ya bar masa. Da na kai wa Mista Rademacher labarin kular, sai ya ce, "Ki bar shi, Retta. Ba zan yi rigima a kan kwalta ba." Shi ya yafe. Ni ban yafe ba, kuma ina roƙon a rubuta haka a fayil.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon ofishinki mai daraja da ya yi waɗannan:

Na farko, a cire allon Mista Tews daga bakin ƙofa cikin makon nan. Na biyu, a sake gasar kafin sanyi ya shigo, da bokiti ɗaya, a hannun wanda ba ya gasa. Ba na roƙon a ba Mista Rademacher wurin kyauta, ba zai karɓa ba. A ba shi ƙwallo irin ta kowa, sauran ya san yadda zai yi. Na uku, a sauke Mista Tews daga shugabancin kwamitin, kuma ya ba da haƙuri ta lasifikar da ya yi izgili da ita, a gaban mutanen da suka yi dariya. Idan kuma ofishinki na neman inda zai riƙa ajiye a-kori-kurarsa a hunturun bana, akwai fili wajen tankunan ruwan cuku. Ba ya cika.

A ƙarshe, don kada labari ya zo miki ta bakin wani, ina sanar da ke matakin da muka riga muka ɗauka, wanda shi ma ba a rubuta an hana ba. Na zauna da masu jifa na sauran ƙungiyoyi huɗu, kuma bakinmu ya zo ɗaya. Daga wasa na gaba, duk sanda Mista Tews ya ɗauki sanda ya tsaya, za mu jefa masa ƙwallo huɗu can nesa da inda sandarsa za ta kai, alƙali, bisa dokar wasan, ya sallame shi ya taka zuwa zangon farko na filin ba tare da ya buga komai ba. Haka zai yi ta takawa da ƙafa a gaban matarsa da abokan ofishinsa, wasa bayan wasa, har sai an gyara abin da ya ɓata. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ranar 19 ga wannan wata kuma da ƙungiyarmu Sashen Talla zai kara, kuma mai tsaron zangon farko a wurinmu shi ne Mista Rademacher. Can Mista Tews zai je ya tsaya, kafaɗa da kafaɗa da shi, ko sau nawa layi ya zo kansa. Ina so in ga inda zai ajiye idanunsa.

Ina jiran amsarki da dukan girmamawa, tare da neman afuwa idan harshena ya yi kaifi a wani wuri. Na yi iya ƙoƙarina in dasashe shi.

Taki mai biyayya,

Loretta Szymanski
Kyaftin kuma mai jifa, ƙungiyar Sashen Ɗaure Kaya