Sandar Dabinon da Ba Ta Kai Tsawona Ba

Ummu Yasir, don Allah ki taimake ni, sati uku ke nan abinci ba ya shiga cikina.

A gidanmu dogaye ba sa tsufa. Mahaifina ya rasu yana da shekara arba'in da uku, yana tsaye a gona. Yayana Hilal bai ma kai haka ba. Amma Baffa Abdurradi, wanda sai ya taka dutse yake hawa jaki, ya haura tamanin. Kullum ya gan ni sai ya ce, "Sunkuya mana, ɗana, kada a hango ka daga sama." A yi ta dariya. Shekarata arba'in da ɗaya, kuma na fi Hilal tsawo.

Kin san yadda muke yi a nan Dakhla ta ƙasar Masar: a sari reshen dabino a auna mamaci, a kai wa masu haƙa kabari. Mahaifiyata ba ta yarda a jefar da na gidanmu, tana jingine su a ɗakin ajiya. Ran nan da hantsi na shiga neman igiya, sai na ga sabuwar sanda a cikin busassun, ɗanya shar, har tana ɗigar ruwa. Ba wanda ya mutu. Na tsaya a jikinta, ta yi daidai da ni, sai yatsa huɗu da suka rage.

Mahaifiyata ta makance tun bara. Kwanan nan in na gaishe ta sai ta riƙa bin bayana da tafin hannu, daga wuya zuwa ƙasa, bakinta na motsi. Na kasa tambayarta. 'Ya'yana uku, babbar ba ta gama makaranta ba. Ina jin tsoro.

Dogo daga Dakhla

Ɗana Dogo,

Rai a hannun Allah yake, ba a sanda ba. Na san masu bincike kan ce gajeru sun ɗan fi jimawa in an haɗa jama'a da yawa, amma tazarar kaɗan ce, ba ta yanke wa mutum ɗaya hukunci. Ni kaina na je jana'izar gajeru ba adadi.

Sai dai ba zan ce tsoronka banza ba ne. Dogaye biyu a gida ɗaya sun faɗi farat ɗaya da ƙuruciyarsu, wannan maganar likita ce. Akwai ciwon jijiyar zuciya da ake gado tare da tsawo, kuma ana tare shi in an gano da wuri. Ka tafi asibitin birnin Asyut a satin nan a duba ka, ka ɗauki yaran.

Batun sanda kuwa, aikin mahaifiyarka ne, kuma matar da ta auna miji ta auna ɗa ba za ta yi kuskuren yatsa huɗu ba. Ina zaton da gangan ta sa aka rage, tana so ta nuna wa mutuwa cewa kai ba dogo ba ne. Kada ka karya sandar, kada ka yi mata faɗa. In ka dawo daga asibiti, ka durƙusa a gabanta ka gaya mata abin da likita ya ce.

Allah Ya sa sandar ta bushe ta ruɓe kana nan da ranka.

Ummu Yasir